Ajayi Crowther: bawan da ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen uwarsa

Ga labarin wani mutum da ya rasu fiye da shekara 130 da suka wuce. Sunansa Samuel Ajayi Crowther. Sunan nan na ƙarshe na Turawa ne, yana da wuyar faɗa. Don haka za mu riƙa kiransa Ajayi, sunan da iyayensa suka raɗa mishi. Bayarabe ne, daga ƙasar da ake kira Najeriya a yau. An kama shi bawa tun yana yaro. Har ya kai wajen shekara 13 bai san baƙi ko ɗaya ba. Amma daga baya shi ne ya ja gaban aikin juya Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Yarbanci.

Ko kai Musulmi ne ko Kirista, akwai abin ji a cikin labarin nan. Mutumin ya koyi karatu bayan wahala mai yawa, kuma ya san abin da zai yi da karatun.

Wane littafi ne wannan?

Kafin mu shiga labarin, bari mu faɗa maka wane littafi ake nufi. Littafi Mai Tsarki, wanda wasu ke ce wa Baibul, kashi biyu ne. Kashi na fari shi ne Tsohon Alkawari. A ciki akwai Attaura da Zabura da littattafan annabawa. Kashi na biyu shi ne Sabon Alkawari. A ciki akwai Linjila ta hannun mutum huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, sannan Ayyukan Manzanni da wasiƙu. Da Ibrananci aka rubuta mafi yawan kashi na fari. Kashi na biyu kuwa da harshen Girkawa aka rubuta shi.

To, don me aka rubuta shi? Marubutan da kansu sun faɗi dalili. Yahaya, a wajen ƙarshen littafinsa, ya nuna cewa ya rubuta ne domin masu karatu su ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, su sami rai ta wurinsa. Luka kuma, a farkon nasa, ya nuna cewa ya bi labarin daki-daki ne domin wani mutum mai suna Tiyofilas ya tabbatar da abin da aka koya mishi. Ka ga ke nan, a wurin Kirista littafin saƙo ne. An rubuta shi don a ji, a gane, a gaskata, a kuma kai wa wani. Saƙon da aka kawo maka da harshen da ba ka ji kuwa, ai kamar bai iso ba. Ka riƙe wannan magana, don a kanta rayuwar Ajayi duka ta tsaya.

Ranar da aka ci garinsu

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809, a wani gari mai suna Oshogun, cikin ƙasar Oyo. A lokacin daular Oyo ta fara rushewa. Yaƙi ko'ina, kama bayi ko'ina. Wata safiya a shekara ta 1821, mutane na shirin karin kumallo, sai mayaƙa suka faɗo wa garin. Cikinsu akwai Fulani da Yarbawa Musulmi. Suka sa wa gidaje wuta. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata, aka ɗaura musu igiya a wuya. Ubansa kuwa, daga ranar bai sake ganinsa ba.

Da aka zo rabon ganima, sai aka yi musayar Ajayi da doki. Dokin bai gamshi wanda ya karɓe shi ba, sai aka maido shi, aka karɓi yaron. Ka ji yadda darajar ɗan Adam ta koma. Bayan ƴan watanni aka raba shi da uwarsa, aka kai shi kasuwa. Daga wannan hannu zuwa wancan, har da musaya da taba da giya. Baƙin ciki ya yi mishi yawa, har ya so ya kashe kansa, amma bai iya ba. A ƙarshe aka kai shi Ikko, wato Legas, aka sayar da shi ga Turawan Fotugal masu kai bayi ƙetaren teku.

A watan Afrilu na 1822 aka zuba su cikin jirgin ruwa, shi da bayi fiye da 180. Jirgin bai yi nisa ba sai jiragen yaƙin Ingila suka tare shi. Tun 1807 Ingila ta hana mutanenta cinikin bayi, kuma ta sa jiragenta suna tsaron teku. Ajayi bai san an cece shi ba. Ya zaci sababbin iyayengiji ne, mafi mugunta. Da ya ga harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai ya ɗauka kawunan ƴan'uwansa ne. Da ya ga naman alade a rataye, sai ya ɗauka naman mutum ne. Sai daga baya hankalinsa ya kwanta.

Wata shida, ya iya karatu

A watan Yuni na 1822 aka sauke su a Firitawun, babban birnin Saliyo. Can ne ake sauke bayin da aka ƙwato a teku, a ƴanta su. Garin cike yake da kabilu iri-iri, har da Hausawa. Aka ba da Ajayi ga Turawan mishan na wata ƙungiyar cocin Ingila da ake kira CMS. Aka sa shi makaranta, aka kuma koya mishi sassaƙa.

Ka tuna, Ingilishi ba harshensa ba ne. Baƙaƙen ma bai taɓa ganinsu ba. Amma wajen wata shida da isowarsa, yana iya karanta Sabon Alkawari. Shi da kansa ya rubuta haka daga baya. Kai da ka fara haɗa baƙi da wasali kwanan nan, ka san irin ƙoƙarin da wannan yake bukata.

Karatun nan ne ya kai shi ga bangaskiya. Yaron da aka yi musaya da doki ya sami littafin da ke gaya mishi cewa Allah ya san shi, kuma yana ƙaunarsa. Ya yi shekara uku yana karatu yana saurare. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi mishi baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista. A nan ya ɗauki sunan wani limamin coci na birnin Landan, Samuel Crowther. A 1826 aka kai shi Ingila ya yi ƴan watanni a makaranta. A 1827 aka buɗe kwalejin Fura Be a Saliyo, kuma sunansa ne na farko a cikin littafin ɗalibai. Ya zama malamin makaranta. Ya auri wata mai suna Asano, wadda ita ma a jirgin bayi aka ƙwato ta.

Darasin laya

Lokacin da yake koyarwa a Saliyo, wani abu ya faru wanda bai manta ba har tsufansa. Wani yaro ɗan Musulmi ya zo aji da laya. Ajayi, da zafin ƙuruciya, ya yanke layar, ya ce a mai da ita gida. Uban yaron ya zo a fusace. Ajayi ya ce a tara malamai a yi muhawara. Aka taru. Ya zo da littattafansa, ya shirya hujjoji. Amma zaman bai haifi kome ba. Kowa ya faɗi nasa, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

Daga nan Ajayi ya gane cewa gardama ba ta sa mutum ya ba da gaskiya. Ba a cusa wa mutum imani da ƙarfi, ba a kuma jawo shi da cin mutunci. Ya ga abin da ya fi shi ne a buɗe littafin a karanta wa mutum, da harshen da yake ji, a bar shi ya auna da kansa. Za ka ga yadda ya yi aiki da wannan darasi nan gaba.

Tafiya a kogin Kwara

A shekara ta 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su shiga kogin Kwara daga bakin teku. Kogin nan dai shi ne wanda ya ratsa Yamai da Gaya kafin ya shiga Najeriya. Nufinsu su ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi, a kama noma da fatauci. Ƙungiyar CMS ta sa mutum biyu a cikin tafiyar: Ajayi, da wani Bajamushe mai suna Schön. Tun kafin a tashi aka sa su koyon Hausa, don an san da ita ake ciniki a can sama.

Tafiyar ba ta yi daɗi ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Turawa fiye da 40. Ajayi ya komo lafiya, ya kuma rubuta labarin tafiyar. Shugabannin mishan suka karanta, suka gane abu biyu. Na ɗaya, ƴan Afirka ne za su iya wannan aiki a ƙasarsu. Na biyu, dole a yi shi da harsunan mutane. Aka kira Ajayi Landan ya ƙara karatu. A 1843 aka naɗa shi limamin coci. A wannan shekara kuma aka buga littafinsa na kalmomin Yarbanci. Da ya koma Firitawun, a farkon 1844, ya yi wa Yarbawan garin sujada da wa'azi da harshensu.

Uwa da ɗa

A 1846 Ajayi ya isa Abekuta, cikin ƙasar Yarbawa, tare da wani Bature mai suna Townsend, don su kafa aikin mishan. Bai daɗe da isa ba sai aka ce mishi uwarsa na da rai, tana wani gari kusa. Aka kawo ta. Shekara 25 rabonsu da juna. Ta riƙe hannunsa tana rawar jiki, suka tsaya suna duban juna, hawaye na zuba. Ashe ƙannensa mata ma suna da rai.

Tsohuwar ba ta jin Ingilishi, ba ta kuma iya karatu ba. In ba da Yarbanci ba, da wane harshe ɗanta zai gaya mata abin da ya gaskata? Da harshen da ta yi mishi tawai yana goye ya yi mata bayani. A 1848 aka yi mata baftisma, aka sa mata suna Hannatu. A cikin Tsohon Alkawari, Hannatu ita ce uwar annabi Sama'ila, wanda Turawa ke kira Samuel. Ka ga yadda sunayen suka dace.

Yadda ake juya littafi

Kada ka zaci juya littafi daga wani harshe zuwa wani abu ne mai sauƙi. Da fari ma sai da aka daidaita yadda za a rubuta Yarbanci da baƙaƙen boko. Yarbanci kamar Hausa yake, murya na hawa tana sauka. Ka duba kalmar gari a Hausa. Akwai garin da mutane ke zaune, akwai garin tuwo. Baƙaƙen iri ɗaya ne, faɗar ce ta bambanta. A Yarbanci irin wannan ya fi yawa ƙwarai. Don haka Ajayi ya dage a riƙa sa ƴan alamu a bisa wasula, don mai karatu ya san inda murya ke hawa da inda take sauka. Har yau da irin alamun nan ake rubuta Yarbanci.

Sai kuma neman kalmomi. Ajayi ya bar ƙasarsu yana yaro, don haka ya koma ɗalibi. Yakan zauna da tsofaffi ya saurari karin magana. Yakan saurari masu duba da masu bautar gargajiya, ya ji kalmomin da suke faɗa a kan hadaya da zunubi da addu'a. Yakan saurari Musulmi ma. Abin da ya ji sai ya rubuta. Ba ya son Yarbancin ƴan makaranta kaɗai. Yana son wanda manomi da ƴar kasuwa za su ji su ce, wannan maganarmu ce.

Aikin ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan. A 1850 aka buga wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Sai Linjilar Luka da Ayyukan Manzanni, sai littafin Farawa, sai sauransu. Ba shi kaɗai ya yi ba. Akwai abokan aiki, kamar wani malami Bayarabe mai suna Thomas King, da wasu Turawa. Amma shi ne jagora, kuma harshen uwarsa ne. A wancan zamani Turawa ne suka saba juya littafin zuwa harsunan Afirka. Wannan karo ɗan ƙasa ne a gaba.

A 1851 ya je Ingila, aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta. Ya ba su labarin cinikin bayi a Legas, ya kuma karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarbanci.

A 1862 gobara ta cinye gidansa a Legas. Takardunsa suka ƙone, har da kalmomi da karin magana da ya yi shekara 11 yana tarawa, da wasu sassan fassara da ba a buga ba. Ka yi tunanin manomin da rumbunsa ya ƙone bayan kaka. Ajayi ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma ya sake ɗaukar alƙalami. Sannu ba ta hana zuwa. A 1884 aka gama Littafi Mai Tsarki dukansa da Yarbanci.

Bishop na farko baƙar fata a cocin Ingila

Ana cikin aikin fassara, Ajayi bai bar kogin Kwara ba. A 1854 ya sake shiga jirgi tare da wani likita mai suna Baikie, suka bi Kwara suka shiga Binuwai. Wannan karo kowa na shan kinin kullum, kuma ba wanda zazzaɓi ya kashe. A 1857 ya koma, ya kafa aikin mishan a Anaca, cikin ƙasar Ibo. Jirginsu ya ci gaba, sai ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace. Suka yi wata da watanni a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Ajayi bai zauna a banza ba, ya kama koyon Nufanci. Ya fitar da littafin koyon karatu na harshen Ibo a 1857, na Nufanci a 1860, sannan littafin nahawu da kalmomin Nufanci a 1864. Littafin koyon karatu irin wanda ka fara da shi, shi ne abin da yake fara yi a ko'ina. Dalili kuwa, in mutum bai iya karatu ba, kullum sai ya jira wani ya karanta mishi.

Ran 29 ga Yuni 1864, a babbar majami'ar Kantabari a Ingila, aka naɗa Ajayi bishop, wato shugaban limaman coci na yanki guda. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan matsayi a cocin Ingila. Cikin waɗanda suka halarta akwai hafsan jirgin da ya ƙwato shi a teku shekara 42 da suka wuce.

A fadar Sarkin Ilori

Aikin bishop ya haɗa Ajayi da sarakunan Musulmi. Ya yi hulɗa da Masaba, Sarkin Nufe na Bida, shekara da shekaru. A 1872 ya biyo ta Ilori, sarki ya karɓe shi a fada, malamai da fadawa na zaune. Suka yi ta yi mishi tambayoyi a kan addininsa.

A nan darasin laya ya yi amfani. Ajayi bai zagi addinin kowa ba, bai kuma ɓoye nasa ba. Kowace tambaya, sai ya sa a buɗe littafin a karanta da Yarbanci, harshen da mutanen fadar ke ji. Ya fara da wurin da Luka ya ba da labarin Mala'ika Jibrilu ya zo wa Maryamu da albishir, don ya san Musulmi na girmama Jibrilu da Maryamu da Annabi Isa. Aka tambaye shi yaushe Almasihu zai komo. Ya sa aka karanta wurin da aka nuna cewa sanin lokacin yana wurin Allah kaɗai. Aka tambaye shi abin da littafinsa ya faɗa a kan Annabi Muhammadu. Ya amsa cewa an rubuta Sabon Alkawari shekaru ɗaruruwa kafin zamaninsa, don haka bai ambace shi ba. A ƙarshe aka roƙe shi ya yi addu'a. Ya karanta addu'ar da Kirista ke yi wa mai mulki, ya kuma bayyana cewa a kowace ƙasa sunan sarkinta ake sawa.

Ba a ce sarki ya bar addininsa ba. Amma an saurari juna, an rabu da mutunci. A ganin Ajayi, aikinsa shi ne ya isar da saƙon yadda za a gane shi. Abin da mutum zai yi da saƙon kuwa, tsakaninsa da Allah ne. Saboda wannan hali sarakuna suka amince da shi. Sarkin Nufe Maliki ya aika da wasiƙa yana roƙon Ajayi ya kai kukansa wurin Sarauniyar Ingila, a hana kawo barasa ƙasarsa, don tana lalata mutanensa.

Ina Hausa a cikin labarin nan?

Ka tuna Schön, Bajamushen da suka yi tafiyar 1841 tare? Shi Hausa ya riƙe. Ya koma Ingila da zama, amma yana bukatar Bahaushe da zai riƙa jin harshen daga bakinsa. Sai ga wani yaro mai suna Dorugu. Ɗan ƙasar Damagaram ne, daga wani ƙauye kusa da Kance. Shi ma bawa aka kama shi yana ƙarami, aka kai shi Barno, aka ƴanta shi a can. Ya yi wa matafiyin nan Barth hidima, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi shi har Tumbutu, sannan har Landan a 1855. Dorugu ya zauna gidan Schön yana ba shi labarai da kalmomi. Da taimakonsa aka fara buga sassan Linjila da Hausa daga 1857. Dorugu ya komo Afirka, ya rasu a Kano a 1912. Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa kuwa sai a 1932 ya fito. Ka ga ashe akwai hannun ɗan ƙasarmu a farkon rubuta Hausa da baƙaƙen da kake karantawa yanzu.

Ƙarshen rayuwarsa

Da ma a ce labarin ya ƙare da daɗi, amma ba haka ya zama ba. Wajen 1890 Turawa sun fara rabon Afirka a tsakaninsu, kuma da yawansu ba sa son ganin baƙar fata a kan shugabanci. Wasu samarin Turawan mishan suka zo kogin Kwara. Suka ce ma'aikatan Ajayi ba su da kirki, shi kuma ya yi musu sako-sako. Gaskiya ne akwai waɗanda suka yi laifi a cikinsu. Amma samarin suka yi musu kuɗin goro. A wani taro a Anaca a 1890, suka dakatar da limamai baƙar fata a gaban idon bishop ɗinsu, har da ɗansa Dandeson. Tsoho mai shekara wajen 80, yaran da ba su kai ƴaƴansa ba suka ci mishi fuska. Ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ba a daɗe ba ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a madadinsa.

A 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, aka yi taro a majami'ar Kantabari. Shugaban cocin Ingila na lokacin, Justin Welby, ya amsa a gaban jama'a cewa an zalunci Ajayi, ya nuna nadama.

Matsayinsa an iya karɓewa, amma littafin ya riga ya shiga hannun mutane. Yarbawa Kirista sun ci gaba da karanta shi a gida da majami'a, suna koya wa ƴaƴansu, suna kai shi garuruwan da Ajayi bai taɓa takawa ba. Mutane da yawa don su karanta shi suka shiga ajin koyon karatu, daga nan kuma suka iya rubuta wasiƙa da lissafin kasuwa. Ƙa'idar rubutun da ya taimaka aka kafa, da ita Yarbawa, Musulminsu da Kiristansu, ke rubuta jarida da littattafan makaranta har yau.

Kai ma yanzu ka iya karatu da harshenka. Littafin addininka, da takardar asibiti, da wasiƙar ɗanka da ke ci-rani, ba sai ka nemi mai karanta maka ba. In akwai wani a gidanku da bai iya ba tukuna, ka zauna da shi ka nuna mishi baƙaƙen.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kama Ajayi, kuma da me aka fara musayarsa?
2. Wata nawa ya yi a Saliyo kafin ya iya karanta Sabon Alkawari?
3. Bisa ga abin da Yahaya da Luka suka nuna, don me suka rubuta littattafansu?
4. Me Ajayi ya koya daga maganar laya, kuma yaya ya yi aiki da shi a Ilori?
5. Don me ya dage a sa alamu a bisa wasulan Yarbanci? Kawo wata kalmar Hausa mai ma'ana biyu, ban da gari.
6. Wane ne Dorugu, kuma daga ina ya fito?